Abin da ke Hannun Daman Inna

Ban taɓa mantawa da ranar da ƙafar saniya ta kusa mayar da ni wankin burushi ba, kuma ba na jin zan manta, ko da na tsufa haƙora sun zube ina tauna ƙuliƙuli da dasashi. Ku sababbin yara da kuka zo shagon nan bayan Sallah, kuna ganin fensir a bayan kunnena kuna tsammanin da shi aka haife ni. Shekarata goma sha bakwai, amma wahalar da na sha kafin in samu fensirin nan ta isa a ba ni fansho.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda bai san shagonmu ba. Muna nan bayan Ƙofar Atiku, muna zana allunan talla, da jikin manyan motoci, da bayan keke mai ƙafa uku. Yaro yana farawa ne daga wankin burushi da kananzir. A wannan matsayi ko a gidanku ba mai yarda ya ci kwano ɗaya da kai, don duk tuwon da ka taɓa sai ya koma ɗanɗanon fitila. Daga nan sai ka zama mai shafa farin fenti a allo. Sai ka zama mai cikewa, wato Oga ya ja layi kai ka zuba launi a ciki, kada ka tsallake. Na ƙarshe shi ne mai zane, wanda ake ba allo fari fat a ce masa bismilla, kuma shi kaɗai ke da ikon saƙala fensir a kunne. A samanmu akwai Malam Bulus, mutumin Filato da ya daɗe a Sakkwato har ya fi mu sanin lungunanta, shi ne gwanin haruffa. A samansa sai Oga Ummaru, mai shago.

Dokar zama mai zane guda ce. Za a ba ka allon mai saye na gaske, ka zana masa Inna. In mai allo ya karɓa, ka samu fensir. In ya ƙi, ka koma kan bokitin kananzir har wata shekara.

Inna kuwa ita ce wancan tsohon zane da ke cikin gilashi rataye a bango bisa teburin Oga, wanda aka hana ku taɓawa. Marigayi Baba Sambo, malamin Oga, shi ya zana shi da gawayi a kan takardar buhun siminti, tun Oga yana yawo ba wando. Tsakar gida ce kawai. Ga murhu da tukunya, hayaƙi yana tashi. Ga turmi a kwance, kaza tana leƙa cikinsa. Ga wata mata zaune a kujera 'yar tsugunno, ta kau da kai gefe, kunnenta da ɗankunne kaɗai ake gani. Hannunta na hagu yana miƙe da kwano wajen wata ƙaramar yarinya da ke durƙushe gaban tukunya. Ba launi ko ɗaya, amma in ka daɗe kana kallo sai idonka ya fara yaji kamar hayaƙin na shigarsa.

Duk allon abinci da kuka taɓa gani a garin nan jikan wannan zane ne. Baba Sambo ya koya wa yara, yaran suka buɗe shaguna suka koya wa nasu yaran, kowa yana kwafa daga na gabansa. Mai tuwo, mai masa, mai fura, har mai shayi, duk Inna ce zaune a allonsu. Wani wuri ta yi ƙiba, wani wuri ta rame, a jikin wata babbar mota na taɓa ganin ta da tabarau da agogo. Yarinyar kuwa yawanci yanke ta ake yi don a sami wurin rubuta lambar waya.

Abu ɗaya ne masu zane ba su taɓa shiryawa a kansa ba, shi ne abin da ke hannun daman Inna. Wani dogon abu ne, siriri ta wajen gwiwar hannu, mai kumburi ta ƙarshe, ta ɗora shi a cinya. Oga ya ce ƙafar saniya ce za ta jefa a miya, kuma a shagonmu maganar Oga ita ce kotun ƙoli. Malam Bulus yana cewa kifi ne, amma sai Oga ya tafi masallaci yake faɗa. Masu shagon Unguwar Rogo kwalbar lemo suke zanawa. Ƙafafunta ma akwai wani abu mai kauri a naɗe, shi dai an yi ittifaƙi safa ce, ko da yake ban taɓa ganin wanda ya sa safa a gindin murhu a zafin Sakkwato ba.

Ana saura kamar mako biyu azumin bara, Hajiya Ige ta aiko. Babbar mai abinci ce, ta haura sittin, muryarta kuwa in ta kira almuru a Ƙofar Atiku sai kajin Kwalkwalawa su shiga akurki. A Kwalkwalawan ma za ta buɗe sabon shago, saboda ɗalibai da matan malaman jami'a. Saƙonta gajere ne: tana son allo irin na gari, da matar nan mai tuwo, za ta zo ɗauka ranar Alhamis. Oga ya dube ni ya ce, "Bashar, ga ranarka ta zo."

Na zuba duk abin da Allah ya hore mini a allon nan. Na yi wa Inna atamfa shuɗiya, na sa mata safa ja mai ratsin fari irin ta 'yan ƙwallo, na yanke yarinyar kamar yadda aka saba. Ƙafar saniyar kuwa, har mahauta na je na tsaya ina kallo sai da wani ya tambaye ni ko na ɓatar da saniya ne. Na fito da kofato, na fito da gashi, na sa maiƙo yana ƙyalli. Ƙudaje suka bar mai nama na bakin titi suka dawo shagonmu. Wani kare ya wuni a ƙofa yana kallon allon yana haɗiyar miyau. Malam Bulus ya bar mini fili a ƙasa ya ce sai Hajiya ta faɗi abin da za a rubuta.

Ranar Alhamis da hantsi ta sauka daga keke, mayafi a kafaɗa, goro a baki. Aka gaisa, aka tambayi gida da kasuwa, Oga ya ba ta kujerarsa. Ni na janye ƙyallen da na rufe allon da shi, na koma gefe ina gyara kunnen da fensir zai zauna.

Ta dubi allon. Ta daina tauna goro.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Hajiya," na ce.

"Mi tar riƙe ga hannun dama?"

"Ƙahwar saniya ta, Hajiya. Sabuwar yanka."

"Ɗanya? Bisa atamhwa?"

Na ce ai yanzu za ta jefa a tukunya.

"To kwanon abinci hwa, da wane hannu taka miƙa shi?"

Na duba. Wallahi sai ranar na lura. Shekaru ina wucewa ta gaban Inna safe da yamma, ban taɓa tambayar kaina ba.

"Da hagu," na ce, murya ta koma ta sauro.

Ta juya wajen Oga. "Malam Ummaru, mutane nika son kira, ba kora ba. In kahwa allo ƙohwar shagona, mace ta rungume ɗanyen nama awa jinjiri, tana miƙa ma baƙo tuwo da hagu, ga safar ƙwallo? Gobe ɗiyan makaranta su sa mani suna Hajiya Bahaguwa, shi bi ni har kabari. Ba ni son shi."

Nan take na ji warin kananzir, alhali bokitin yana can bayan shago a rufe. Yaron da ya gaje ni a wankin burushi, Nura, ya leƙo yana murmushi irin na wanda aka ce gobe za a sallame shi daga asibiti.

Oga bai damu da ni ba, Inna aka taɓa. Ya miƙe tsaye ya ce duk allunan garin nan haka suke, ba wanda ya taɓa kuka. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa tsayawa kallon allon wasu ba, tukunyarsu take leƙawa. Oga ya ce wannan zanen Baba Sambo ne, ba a ƙara masa ba a rage masa. Hajiya ta ce Allah ya jiƙan Baba Sambo, amma ba shi zai zauna a shagon ba. Abin da ban taɓa gani ba sai ya faru. Oga ya hau benci ya sauko da gilashin, ya goge shi da hannun rigarsa, ya ɗora mata a cinya.

"Diba da idonki, Hajiya. Ga asali."

Ta nisanta shi da fuskarta, ta matso da shi, ta ce a ba ta haske. Malam Bulus ya buɗe taga. Sai muka ga kafaɗunta sun fara rawa. Na ɗauka kuka take, na fara murna ko zanen ya taɓa mata zuciya. Ashe dariya ce ta toshe mata maƙogwaro. Sai da ta tofar da goro, ta share hawaye da bakin mayafi, sannan ta iya magana.

"Ku dut nan ba mata gidajenku? Wanga ai zunguru na."

Muka dubi juna. Malam Bulus ya ce, "Hajiya, wane irin kifi ne zunguru?"

Dariyar ta dawo sabuwa. Da ta lafa sai ta yi mana karatu. Zunguru wani dogon duma ne da ake fafewa. A da, in mace ta kwaɓa lalle ta shafa a hannu, sai ta zura hannun a ciki har kusan gwiwa, ta zauna da shi sai lallen ya kama. Abin da muke kira safa kuma ƙunshi ne, lalle ne a ƙafa aka rufe da ganye aka naɗe da tsumma.

"Wagga mata ko tashi ba ta iyawa," in ji Hajiya. "Hannu ga zunguru, ƙahwa ga ƙunshi. Hagun kaɗai tar rage mata. Kuma ba miƙa tuwo takai ba, kwano taka ba ɗiyar a zuba mata. Ku dibi mara ga hannun yarinya. Ita ka aiki. Uwar hutu takai, kwalliya ta sa gaba."

Muka sunkuya a kan gilashin har kawunanmu suna karo. Ga marar kwasar tuwo nan a hannun yarinya, ƙarara. Yarinyar da duk garin ke yankewa don lambar waya, ita ce mai girkin. Matar da ta shekara da shekaru tana tallar abinci a Sakkwato, ranar da aka zana ta ko muciya ba ta taɓa ba.

Oga ya zauna a kan gwangwanin fenti, ya cire hula ya riƙe. Can ya ce a hankali, "Mai ɗakin Baba ta. In munka tambaye shi mi tar riƙe, sai shi yi murmushi shi ce, in kun yi aure kwa sani."

"To ba ka yi auren ba?" in ji Hajiya.

"Na yi. Sai dai kahin in yi, lalle ya koma cikin leda."

Malam Bulus ya ce shi dai ya fi kusa da gaskiya, don duma da kifi duk dogaye ne.

Hajiya ta miƙa wa Oga gilashin, ta fara gyara mayafi. Ta ce zane ya yi kyau, hannun mai shi ya yi albarka, amma da ƙafar saniya da zunguru duk ɗaya ne a wajenta, ba ta kafa hoton mai hutu a ƙofar shagon girki. Za ta sa a yi mata na kwamfuta kawai, da hoton shinkafa da kaza. Nura ya riga ya ɗauko bokitin, yana ajiye shi kusa da ƙafata a hankali kamar mai kawo wa baƙo ruwa.

Ban san inda maganar ta fito ba. Tsoron kananzir yana buɗe ƙwaƙwalwa.

"Hajiya, ki yi haƙuri, tambaya gare ni. Ranar da mace taƙ ƙunsa lalle, wa ka yi ma gida tuwo?"

"In da ɗiya, ɗiya. In babu, a kwan da gari."

"To matan malamman can, ɗiyansu na makaranta. In sun tahi ƙunshin Salla ko na biki, wa ka yi masu?"

Ta tsaya da hannu a kan jaka. Ta dube ni tun daga silifas har kunnen da ba fensir.

"Ci gaba, ɗan nema."

Na ce a bar Inna yadda Baba Sambo ya yi ta, da zungurunta da ƙunshinta, tana hutawa. A maido da yarinyar, a ƙara mata girma, a sa mata ɗankwali irin na ma'aikatan Hajiya. Sannan Malam Bulus ya rubuta a ƙasa: UWARGIDA ƘUNSA LALLENKI, TUWO NA WAJEN HAJIYA IGE.

Malam Bulus yana motsa leɓe yana auna haruffan da faɗin allo. Hajiya ta maimaita maganar a bakinta kamar mai ɗanɗana miya. Sai ta ciro sabon goro ta ɓantara.

"Ka taɓa ganin zunguru?"

"A'a, Hajiya."

"To ka nemo ka gani. In na dawo Assabar na iske wani abu mai kofato, kai da allon za ni haɗawa in kai mahauta."

Da ta tafi, Oga ya hau benci. Ya mayar da gilashin mazauninsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa Nura ya mayar da bokiti baya tukuna.

Da yamma na shiga ɗakin kakata na tambaye ta ko ta san inda zan ga zunguru. Ta ce, "Angona, kai da ba ka ko iya saya mani goro, lalle za ka ƙunsa?" Sai ta nuna bayan ƙofa da haɓa. Wani baƙin abu ne rataye a ƙusa, tun ina rarrafe nake ganin sa, tana ajiye allura da zare da tsinken sakace a ciki. Na zazzage, na zura hannuna don in ji yadda yake zama. Ya shiga lafiya. Fitowa ce ta gagara. Na yi sallar magariba a gida ranar, don ba yadda za a yi in shiga sahu da duma a hannu, kuma sai da aka ƙarar da man gyaɗan miya kafin a cece ni. Kaka ta ce ko amaren zamanin da ba su kai ni daɗewa a ciki ba. Amma na gane abin da Baba Sambo ya gani: yadda nauyin yake sa kafaɗa ta sauka, yadda dole ka ɗora shi a cinya, yadda ƙuda zai sauka a hancinka ka rasa hannun kora sai hagu.

Na shafe ƙafar saniyata da farin fenti. Karen nan ya tashi ya tafi, bai ko waiwayo ba.

Ranar Asabar Hajiya ta zo, ta duba, ta sa na rage wa zungurun ƙiba, ta ce ganyen ƙunshi ba ya yin kore haka bayan ya kwana. Na gyara a gabanta. Ta ce a ɗora a keke. Oga ya buɗe aljihun tebur ya ciro fensir, ya feƙe da kansa, ya saƙala mini a kunne, ya haɗa da murɗe kunnen ya ce wannan na surutu ne. Nura bai yi mini magana ba har aka ga watan azumi.

Allon ya yi aiki. Tsofaffin mata sukan tsaya a gabansa suna nuna wa jikoki, 'yan mata suna ɗaukar hoto da waya. Kafin babbar Sallah masu zane sun fara zuwa Kwalkwalawa suna kwafa, kamar yadda aka saba. Ba wanda ya zo ya tambaye mu, ba wanda ya tambayi uwarsa.

Watan jiya Oga ya aike ni Unguwar Rogo sayen fenti. A wani lungu na ci karo da Inna a sabon allo, da shuɗiyar atamfar da na sa mata, ba a canja ko zare ba. Hannun dama an yi masa fari fat, ƙafafu biyu an naɗe su da bandeji, an ƙara mata sanda a gefe. A ƙasa an rubuta: ANA ƊORIN KARAYA DA TARGAƊE. Na dawo na gaya wa Oga, ina tsammanin zai ɗauki sanda ya tafi. Sai ya ce, "Ƙyale su. Mu shekara nawa muna ba ta ƙahwar saniya, ba ta yi ƙara ba."

Abin da na koya a wannan sana'a shi ne, hannunmu ya fi idonmu sauri. Mai zane yakan kwafi abu tun yana yaro har ya yi furfura bai taɓa tsayawa ya tambayi mene ne ba, kuma in ya rasa amsa sai ya zana abin da cikinsa ke so. Baba Sambo tsakar gidansa ya kalla, mu kuwa takardarsa muka yi ta kallo. Don haka in ranarku ta zo aka ba ku allo, kafin ku jiƙa burushi ku je gida ku nuna wa tsohuwar da ke ɗaki. In ta ce ku zura hannu ku ji, ku fara tambaya ko akwai man gyaɗa a gidan.